Gasar kacici-kacici: asalinta, yadda ake ba da maki, da abin da take nufi ga yaran zango

Gasar kacici-kacici wasa ne da ake yi wa mutum ɗaya ko ƙungiya tambayoyi a kan fannoni dabam-dabam, kamar tarihi, labarin ƙasa, kimiyya, wasanni da al'amuran yau da kullum. Kowace amsa tana da makinta, wanda ya fi tara maki shi ya ci. Ana yin ta a aji, a rediyo da talabijin, a kan allon wasa na gida, yanzu kuma a wayar salula. A ƙasar Gana wasan ya wuce abin nishaɗi. Ya zama abin da makarantun sakandare ke auna darajarsu da shi, har tsofaffin ɗalibai su bar aiki su zauna gaban talabijin suna jiran sakamako kamar ranar wasan ƙwallo.

Kukuo da makarantarta

Kukuo unguwa ce a birnin Tamale, hedikwatar Yankin Arewa na Gana, an kuma san matanta da ginin tukwane. A nan makarantar sakandaren Ghana Senior High School take, wadda kowa ke kira Ghanasco. An buɗe ta a 1960, zamanin Kwame Nkrumah. Cikin waɗanda suka yi karatu a can akwai shugaban ƙasar Gana John Dramani Mahama da ɗan ƙwallo Abedi Pele, wanda ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka sau uku a jere, 1991 zuwa 1993, ya kuma ci kofin zakarun Turai da Marseille a 1993. Wannan kaɗai ya isa tambayoyi uku ko huɗu a kowace gasa, kuma irin tambayar da ɗan Maraɗi da ɗan Kumasi za su iya amsawa daidai wa daida.

Ghanasco da takwararta Tamale Senior High School, wato Tamasco, suna cikin makarantun arewa da ke shiga babbar gasar ƙasa. Yawancin mutanen Tamale Dagwamba ne, harshensu Dagbani, amma akwai Hausawa da masu jin Hausa a zangonnin garin, jikokin fataken goro da malaman da suka bi hanyar Gwanja. 'Ya'yansu suna zama a aji ɗaya da kowa, suna kuma amsa tambayoyin gasa da Turanci.

Kacici-kacicin gargajiya ma yana da maki

Sunan da Hausa ta ba wannan gasa aro ne daga wasan dare na yara. Bayan an ci tuwo, kafin tatsuniya ko bayanta, wani ya jefa tambaya a dunƙule: “Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya.” Wanda ya gane ya ce tsintsiya. Idan kowa ya kasa sai a ce “mun ba ka gari”. Mai tambaya ya ce wane gari, a ambata masa Kano ko Katsina ko Damagaram. Yana da ikon ƙin karɓa idan ya raina garin, sai an ba shi wanda ya gamsu da shi sannan ya faɗi amsa.

Garin nan shi ne makin. Bambancin da ke akwai shi ne a gargajiyance mai tambaya ke cin riba idan aka kasa, kuma tambaya tana zagayawa, wanda ya amsa yanzu shi zai tambaya an jima. A gasar zamani mai tambaya alƙali ne, ba ya ci ba a cinye shi, tambayoyin kuma a rubuce suke tun kafin a zauna. Na gargajiya yana gwada kaifin tunani a kan abubuwan da kowa ke gani a gida da gona. Na zamani yana gwada abin da mutum ya karanta ya riƙe.

Yadda wasan ya shiga rediyo da talabijin

A Amurka gasar College Bowl tsakanin ɗaliban jami'o'i ta fara a rediyo a 1953. Ingila ta kwaikwaye ta da University Challenge a 1962, inda tambayar buɗewa take da maki 10, ƙungiyar da ta amsa ta kuma samu ƙarin tambayoyi uku masu maki biyar-biyar, wanda kuma ya katse mai tambaya ya yi kuskure a zare masa 5. A ɓangaren masu Faransanci, gidan Radio-Canada ya fara Génies en herbe a farkon shekarun 1970 don ɗaliban sakandare, mutum huɗu a kowace ƙungiya. Sunan ya bazu har ya zama abin da ake kiran gasar makarantu da shi a ƙasashen Afirka da dama masu amfani da Faransanci. Masu kallon TV5Monde a Yamai ko Kwatano sun san Questions pour un champion, wanda tashar France 3 ta fara a 1988, Julien Lepers ya gabatar da shi har 2016, Samuel Étienne ya gaje shi.

Wasan allo na Trivial Pursuit wasu 'yan jarida biyu ne, Chris Haney da Scott Abbott, suka ƙirƙira shi a Montreal ta Kanada a Disamban 1979, da fannoni shida kowanne da launinsa. Shi kuwa Who Wants to Be a Millionaire? ya fito a Birtaniya a 1998 da tambayoyi 15, kowace da zaɓi huɗu, kuma makinsa kuɗi ne. Ya zo Najeriya a 2004 a hannun Frank Edoho, a 2009 kuma Aroma Ufodike ya zama na farko da ya cinye naira miliyan 10. A shekarar ce Gana ta fara nata mai suna Who Wants to Be Rich? tare da Kafui Dey.

Kafin duk wannan, 'yan Gana sun saba da What Do You Know? na gidan rediyo da talabijin na ƙasa, GBC, shirin tambayoyin sanin duniya da aka daɗe ana haɗa sunansa da Dan Afari-Yeboah.

Babbar gasar Gana da tsarin makinta

Wadda ta fi ɗaukar hankali yanzu ita ce National Science and Maths Quiz, NSMQ a taƙaice. Tambayoyinta na kimiyya da lissafi ne kawai, amma tsarin makinta shi ne wanda yawancin 'yan makarantar Gana suka sani, saboda haka ya cancanci a tsaya a kansa.

Labarin asalinta sananne ne. A 1993 Kwaku Mensa-Bonsu, shugaban kamfanin Primetime, yana filin wasan tanis na Jami'ar Gana da ke Legon, sai ya tambayi abokin wasansa Farfesa Ebenezer Awotwe dalilin da ya sa tsuntsu ke sauka a kan wayar lantarki wuta ba ta ja shi. Daga amsar da ya samu tunanin shirya gasar ya zo masa. An fara da makarantu 32, kamfanin Lever Brothers ya ɗauki nauyi da sunan sabulunsa Brillant. Kwalejin Prempeh ta Kumasi ce ta fara ci a 1994. Farfesa Marian Ewurama Addy ce mai tambaya ta farko, daga 2006 kuma Farfesa Elsie Effah Kaufmann ta karɓa. Gasar ta tsaya a 2010 da 2011 saboda rashin mai ɗaukar nauyi, ta dawo a 2012 da tallafin hukumar ilimi ta ƙasa.

Makarantu uku ke karawa a zama ɗaya, zagaye biyar. A zagayen farko kowace makaranta tana da tambayarta, amsa daidai maki 3, idan ta kasa a miƙa wa ta gaba ta samu 1. Na biyu tseren sauri ne: tambaya ɗaya ga kowa, wanda ya riga danna ƙararrawa ya amsa, kuskure kuma yana jawo asarar maki 1. Na uku matsala ɗaya ce da ake warwarewa a rubuce cikin 'yan mintoci, mai maki 10, ana kuma duba hanyar da aka bi, ba amsar ƙarshe kaɗai ba. Na huɗu gaskiya ko ƙarya: maki 2 idan an dace, a zare 1 idan an kuskure. Na biyar shi ne ainihin kacici-kacici. Mai tambaya tana karanto alamomin wani abu ɗaya bayan ɗaya, wanda ya gane tun alamar farko ya samu 5, a ta biyu 4, daga ta uku zuwa gaba 3. Wanda ya yi gaggawa ya faɗi ba daidai ba ya fita daga wannan tambayar.

Mai kallon shirin Faransa zai gane wannan zagaye nan take, domin karon ƙarshe na Questions pour un champion haka yake: bayani yana tsawo, maki yana raguwa daga 4 zuwa 1. Tsohuwar da ke yi wa jikoki kacici-kacici ma za ta gane shi.

Abin da maki ke aunawa

Mutane sukan ɗauka maki yana nuna yawan sani ne kawai. Ba haka ba ne. Dokar da aka shimfiɗa ita ke zaɓar irin mutumin da zai ci.

A ɗauki zagayen gaskiya ko ƙarya. Wanda bai san komai ba, yana canka kawai, cikin tambayoyi 10 zai dace da kamar 5 ya samu maki 10, ya kuskure 5 a zare masa 5, ya tashi da 5. Wato hukuncin bai kai ya hana canke ba, rage ribarsa kawai ya yi. Da ana so a kashe canke gaba ɗaya, sai a zare 2 kamar yadda ake ba da 2. A tambaya mai zaɓi huɗu da babu hukunci, mai canke yana da kashi 25 cikin ɗari kyauta. Kafin ribarsa ta koma sifili sai an zare sulusin maki a kan kowane kuskure. Wannan ne ya sa maki 60 a wata gasa ba ɗaya yake da maki 60 a wata ba, kuma bai kamata iyaye su kwatanta su ba.

Ƙararrawa kuma wani abu ne dabam. Tana auna saurin fahimtar harshen da aka yi tambayar da shi, da ƙarfin zuciya, kafin ta auna sani. Manhajar Kahoot!, wadda aka fitar a Norway a 2013 kuma malamai da yawa ke amfani da ita a aji, tana ba da har maki 1,000 a tambaya ɗaya, yana raguwa gwargwadon jinkirin mai amsa. Yara biyu su ba da amsa ɗaya daidai, wanda intanet ɗinsa ya fi ƙarfi ya wuce gaba. A wurin da sabis ke ɗaukewa yana dawowa, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Duk da haka wasan yana da amfani na gaske ga karatu. Binciken da Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka wallafa a 2006 a Amurka ya nuna cewa ɗaliban da aka sa su tuno abin da suka karanta ta hanyar gwaji sun fi riƙe shi bayan mako guda, a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa. Almajirin da ke ba da hadda a gaban malam bai buƙatar a gaya masa wannan. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara shiryawa a 1986 ita ma gasa ce mai alƙalai da maki, ana janyo wa ɗalibi baki daga ko'ina ya ci gaba, ana rage masa a kan kowane kuskure.

Kofin bai taɓa zuwa arewa ba

Makarantar Presbyterian Boys ta Legon, wato Presec, ta ci NSMQ sau takwas zuwa 2023, Prempeh sau biyar. Sauran da suka taɓa ci, irin su Mfantsipim, Opoku Ware, Achimota, St. Peter's, St. Augustine's da Adisadel, duk a kudu suke. Babu makarantar arewacin Gana da ta taɓa ɗaukar kofin, babu kuma makarantar 'yan mata zalla.

Ba a rasa masu fassara wannan da cewa yaran wani yanki sun fi na wani ƙwaƙwalwa. Fassarar ba ta da tushe. Turawan mulkin mallaka sun jinkirta ilimin boko a arewa da gangan, suna kallon yankin a matsayin wurin samo leburori. An kafa Mfantsipim a 1876, Tamasco kuwa, sakandaren farko ta gwamnati a arewa, sai 1951. Shekara 75 ke nan tsakani. Tsohuwar makaranta tana da tsofaffin ɗalibai masu hali da ke sayen littattafai, su biya masu horarwa, su ajiye tarin tambayoyin shekarun baya. Waɗanda suka fi cin jarrabawar shiga sakandare daga ko'ina a ƙasar, har da arewa, sukan zaɓi waɗannan makarantun. Makin da ke fitowa a allo yana ɗauke da duk wannan tarihi, ko da yake yara biyu ne kawai ake gani a kujera.

Sanin duniyar wa?

Ga ɗan zango akwai ƙarin wani hawa. Gidan GBC yana watsa shirye-shirye da Hausa, amma Hausa ba ta cikin harsuna 11 na gida da ake koyarwa a makarantun Gana. Dagbani da Gonja suna ciki. Yaron da ke jin Hausa a gida, Dagbani a kasuwa, Larabci a makarantar allo, da Turanci zai danna ƙararrawa. Ɗan'uwansa na Parakou ko Garwa da Faransanci zai yi.

Abin da ake kira sanin duniya kuma wani ne ya zauna ya zaɓe shi. Littafin tambayoyin da aka buga a Landan ko Faris zai tambayi sarakunan Ingila da kogunan Faransa. Da wuya ya tambayi kasuwar da fataken Kano ke sayo goro a ƙarni na 19, wato Salga, ko shekarar da yaƙin basasa ya watsa ta, 1892, ko malamin da aka haifa a Kano ya rayu a Salga da Kete-Krachi ya rasu a 1934, wato Alhaji Umaru, wanda ya yi rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami. Tamale kanta ta zama hedikwatar arewa a 1907. Duk waɗannan tambayoyi ne masu amsa ɗaya tabbatacciya, sun cika kowane sharaɗi na gasa. Ƙungiyoyin matasan zango da malaman Islamiyya da ke shirya gasa a lokacin hutu ko da azumi suna da damar da babbar gasa ba ta da ita: su ne ke rubuta tambayoyin.

Tambayar da amsarta ta tsufa

Babbar matsalar mai shirya gasa a wannan yanki ita ce amsoshi suna canzawa fiye da yadda ake sake buga littattafai. “Yankuna nawa ne a Gana?” Amsar 10 ce har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta 27 ga Disamba 2018, yanzu 16 ne. Yankin Arewa kansa an raba shi uku: Arewa mai hedikwata a Tamale, Savannah a Damongo, Arewa maso Gabas a Nalerigu. “Ƙasashe nawa ne a ECOWAS?”, wadda masu Faransanci ke kira CEDEAO: 15 ne, suka koma 12 daga 29 ga Janairu 2025 da ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso. Nijar ta sauya taken ƙasa a 2023, Najeriya ta koma tsohon nata a 2024. Kundin da Nijar ta fitar a ƙarshen Maris 2025 ya sa Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci harsunan aiki. Alƙalin da ke riƙe da takardar 2017 zai iya zare wa yaro maki a kan gaskiya.

Akwai kuma tambayoyin da ke da tarko tun asali. Babban birnin Benin a hukumance Porto-Novo ne, ko da yake fadar gwamnati tana Kwatano. Na Côte d'Ivoire Yamoussoukro ne tun 1983, na Najeriya Abuja tun 12 ga Disamba 1991. “Wane ne shugaban Gana na farko?” Nkrumah firayim minista ne a 1957, bai zama shugaban ƙasa ba sai 1960, saboda haka tambayar da ta haɗa “shugaban ƙasa” da 1957 gurguwa ce.

Kwafe tambayoyi ba tare da bincike ba ya taɓa kai mutane kotu. Wani marubucin littafin tambayoyi a Amurka, Fred Worth, ya saka amsar ƙarya da gangan game da sunan farko na ɗan sandan shirin Columbo don ya kama masu satar aikinsa. Amsar ta bayyana a katin Trivial Pursuit. A 1984 ya kai ƙara yana neman dala miliyan 300, kotu ta kori ƙarar bisa cewa babu mai mallakar gaskiyar al'amari. Amma ƙaryar ta riga ta shiga gidajen mutane a matsayin amsa daidai.

Idan gasar da Hausa ce

Gasar da aka yi da Hausa tsakanin mutanen ƙasashe dabam-dabam, a rediyo ko a zauren WhatsApp, tana da nata tarkon. “Jaka ɗaya nawa ce?” Ɗan Nijar zai ce sefa 1,000, dattijon Kano ya ce naira 200, kowannensu da gaskiyarsa. Dala a bakin ɗan Damagaram sefa 5 ce, a jaridar Kano kuɗin Amurka. “Likita” a Najeriya mutum ne, a sassa da dama na Nijar wurin da ake zuwa shan magani ne. Mai rubuta tambaya dole ya faɗi ƙasar da yake nufi, ko ya rubuta duk amsoshin da za a karɓa kafin a fara.

Masu gogewa a harkar sukan yanke abubuwa kaɗan tun da wuri, su kuma karanta su a gaban kowa: maki nawa ne kowace tambaya, ko akwai hukuncin kuskure, daƙiƙa nawa ake jira, ko amsar farko ce ake ɗauka ko ana iya gyarawa, da wanda ke da maganar ƙarshe idan gardama ta tashi. Mai ƙidayar maki ya zama dabam da mai tambaya, a kuma rubuta makin a allo inda kowa ke gani bayan kowane zagaye. Idan aka yi kunnen doki, hanyar da ta fi sauƙi ita ce tambayar lamba wadda wanda ya fi kusa da amsa ya ci, misali nisan Tamale zuwa Akara a mota, wanda ya kai kimanin kilomita 600.